Ɗaga ƙarfe da sassarfa bayan asuba ba tare da an karya kumallo ba

Duk wanda ya saba fita bayan sallar asuba ya san su. Wasu na sassarfa a gefen titi kafin 'yan adaidaita su cika gari, wasu kuma na lungu suna fama da bututun ƙarfen da aka cusa wa gwangwanayen siminti a kowane gefe. Da wuya ka sami wanda ya sa wani abu a cikinsa. Wani don mai koko ba ta fito ba tukuna, wani kuma don an gaya masa cewa motsa jiki da yunwa shi ke narkar da teɓa. Na daɗe ina cikin kashi na biyu, har ranar da na tsuguna da ƙarfe a kafaɗa, na miƙe, na ga duhu ya rufe ni. Wani dattijo da muke atisaye tare ya zaunar da ni, ya ciro dabino daga aljihu ya ba ni, ya ce, "Ɗana, da ruwan ciki ake jan na rijiya." Ban daina fita da asuba ba, kuma har yau yawancin ranaku ba na cin komai kafin in fara. Yadda nake yi ne ya canza.

Abin da jiki ke ciki da asuba

Jiki na da rumbun sukari guda biyu. Ɗaya a hanta, mai ɗaukar kusan giram 100, ɗaya a tsoka, mai ɗaukar wajen giram 400 a jikin babban mutum. Cikin dare ƙwaƙwalwa ba ta hutawa, kuma daga rumbun hanta ake ciyar da ita, shi ya sa kafin gari ya waye wannan rumbun ya ragu sosai. Na tsoka kuwa yana nan kusan yadda ka kwanta da shi, domin tsokar da ta ajiye sukari ita kaɗai ke iya amfani da shi. Saboda haka mai lafiyar da ya ci abincin dare yana da abin da zai ɗaga ƙarfe na minti 45 zuwa awa 1. Abin da ke kawo jiri yawanci ƙarancin ruwa ne, ko sukarin cikin jini ya yi ƙasa, ko mutum ya miƙe zumbur bayan ya riƙe numfashi.

Batun narkar da kitse fa? Akwai ƙamshin gaskiya. Idan ciki babu komai sinadarin insulin, mai daidaita sukarin jini, yana ƙasa, kitse yana fita daga ma'ajiyarsa cikin sauƙi, kuma a lokacin atisayen jiki ya fi ƙona shi. Sai dai jiki ba ya rufe lissafi da ƙarfe bakwai na safe. Abin da ya ƙona da yawa da asuba yakan rage ƙona shi da rana. A 2014 wani mai bincike, Brad Schoenfeld, da abokan aikinsa a Amurka sun raba 'yan mata 20 gida biyu, aka rage musu abinci daidai wa daida, suna motsa jiki awa 1 sau 3 a mako har mako 4, wasu bayan sun sha abin karin kumallo, wasu ciki wayam. Dukkansu sun rage nauyi da kitse, kuma ba a ga wani bambancin a zo a gani tsakaninsu ba.

Ga lissafin da ya fi amfani. Kilo 1 na kitse yana ɗauke da kalori (ma'aunin ƙarfin da ke cikin abinci) kusan 7,700. Tafiya da sauri ta rabin awa tana cin wajen 150 a jikin mai kilo 70. Robar lemo ɗaya mai rabin lita ta kai 200. Wanda ya yi tafiyar sannan ya kora da lemon, bai biya bashi ba, ƙari ma ya ciyo. To me ya sa nake ci gaba da fita ciki babu komai? Domin lokacin nan ne kaɗai babu mai nemana, rana ba ta fito ba, kuma gudu da tuwo a ciki azaba ne. Wannan dalili ya isa.

Da farko, ka tabbata kana cikin waɗanda ya dace su yi

Mai ciwon sukari da ke allurar insulin ko shan ƙwaya irin su glibenclamide kada ya gwada sai ya zauna da likitansa, domin waɗannan magunguna suna iya jefa sukarin jini ƙasa har mutum ya suma. Mai hawan jini ko ciwon zuciya shi ma haka. Jini yakan hau a sa'o'in farko bayan tashi daga barci, ɗaga abu mai nauyi kuma yana ƙara hau da shi. Mai juna biyu ta ci wani abu kafin ta motsa. Masu sikila, waɗanda Najeriya ta fi kowace ƙasa yawansu, ƙarancin ruwa da sanyi da gajiya mai tsanani duk suna tayar musu da ciwo, kuma fita da asubar hunturu ba a sha ruwa ba ta haɗa ukun. Mai gyambon ciki shi ya san yadda yunwa ke yi masa.

Akwai wani kuma da lafiyarsa ƙalau amma wannan hanya ba tasa ba ce: siririn saurayin da ke son ya yi ƙwanji. Matsalarsa abinci ba ya isarsa. Duk damar cin da ya bari ta wuce, asara ce.

Shirin yana farawa tun daga isha'i

Abincin dare shi ne man da za ka yi tafiya da shi. Tuwo da miya, shinkafa da wake, doya, dankali, duk sun yi, a haɗa da ɗan nama ko kifi ko ƙwai idan da hali. Wanda ya kwana da biskit da shayi sannan ya tashi zai ɗaga ƙarfe, ya haɗa yunwa biyu.

Sai barci. Babban mutum yana buƙatar aƙalla awa 7. Idan da ƙarfe 5 kake tashi, ƙarfe 10 ya same ka a kwance, wayar kuma tana nesa da hannu. Daren da aka yi biki ko aka kalli ƙwallon Turai har tsakar dare, washegari a yi tafiya kawai, a bar ƙarfe. Ka ajiye takalmi da riga da ruwa a bakin ƙofa, ka jefa dabino 3 a aljihun wandon.

Da ka tashi

Ruwa kafin komai. Ka kwana kana fitar da shi ta numfashi da gumi, musamman a bazara da babu wuta. Ledar ruwa ɗaya rabin lita ce. Ka sha ta sannu a hankali kafin ka fita masallaci, ka riƙe wata don wurin atisaye. Fitsarinka zai gaya maka inda kake: idan ya yi ja kamar shayi, ƙara sha.

Kofi ko shayi marar sukari yana taimakawa, domin sinadarin kafin da ke cikinsa yana wartsake mutum kuma yana rage jin gajiya. Kofi ɗaya, kamar rabin awa kafin a fara. Goro ma na da wannan sinadari, amma a cikin da babu komai yakan murɗa wa wasu. Abin da ba zan gaji da faɗa ba shi ne batun ƙwaya. Shan ibuprofen ko diclofenac da yunwa "don kada jiki ya yi tsami" hanya ce ta jawo gyambon ciki, kuma idan aka haɗa da gumi da ƙarancin ruwa ƙoda ce ke shan wahala. Tiramadol da wasu yara ke afawa don su ɗaga abin da ya fi ƙarfinsu kuwa, yana toshe maka jin ciwon da ke gargaɗinka ne, kuma yana iya kawo farfaɗiya.

Ɗumama jiki, da maganar gadon baya

A nan ne yawancin mutane ke yin ganganci. Zafin jikin ɗan Adam yana kaiwa mafi ƙasa ne gab da asuba, ƙarfin tsoka kuma ya fi kaiwa ƙololuwa wajen la'asar. Wanda ya saba atisayen safe jikinsa yakan rage wannan tazara, amma dai ba za ka tashi daga katifa ka zama yadda kake da yamma ba.

Akwai kuma wasu faya-fayan guringuntsi tsakanin ƙasusuwan gadon baya. Idan ka kwanta suna tsotsar ruwa su kumbura, har mutum yakan fi tsawo da safe da kamar santimita 1 zuwa 2. A wannan hali sunkuyawa da kaya tana matsa musu fiye da kima. Stuart McGill na Jami'ar Waterloo a Kanada, wanda ya shafe shekaru yana binciken ciwon baya, shawararsa ita ce a guji lanƙwasa baya sosai a awar farko bayan tashi. Mu kam mun yi sa'a: tsakanin alwala, tafiya masallaci, salla, azkar da dawowa, yawancin awar ta tafi, kuma tsayuwa da tafiya su ne ke rage kumburin. Wanda ya yi salla a gida ya faɗa kan ƙarfe minti 15 da buɗe ido shi ne ke cikin haɗari.

Ka ba ɗumama jiki minti 10, a hunturu 15. Fara da tafiya mai sauri ko tsallen igiya har ka ji ɗan gumi a goshi. Juya kafaɗu da ƙugu, ka tsuguna ka miƙe sau 15 ba kaya, sannan ka yi atisayen farko da rabin nauyin da kake nufin ɗagawa kafin ka hau na gaske.

Ƙarfe tukuna, gudu daga baya

Idan za ka haɗa biyun a zama ɗaya, fara da ƙarfe. Ɗaga nauyi yana son tsoka mai sabon ƙarfi da hankali a tattare. Ƙafar da ta gaji da gudu ita ke karkacewa a ƙarƙashin kaya. Tun 1980 wani mai bincike, Robert Hickson, ya nuna cewa mutanen da suka haɗa ɗaga ƙarfe da gudu da tuƙa keke mai tsanani na mako 10, ƙarfinsu ya daina ƙaruwa a makonnin ƙarshe, yayin da na masu ƙarfe zalla ya ci gaba. Nasu atisayen ya yi tsanani ƙwarai. Ɗan sassarfar minti 15 bayan ƙarfe ba zai cinye maka tsoka ba.

Kwana 3 a mako sun isa, a bar kwana ɗaya tsakani, misali Asabar, Litinin da Laraba. Motsi 5 ne ginshiƙi, sauran duk ado ne. Tsuguno da miƙewa da kaya a ƙirji ko a kafaɗa, don cinya da ɗuwawu. Turawa, ko dai firesof a ƙasa ko tura ƙarfe sama a kwance kan benci. Jawowa, wato ka rataya a ƙarfe ka ja jikinka sama, ko ka dafa benci da hannu ɗaya ka jawo kaya zuwa ƙugu da ɗayan. Ɗauko kaya daga ƙasa da baya a miƙe, ƙugu ne ke lanƙwasawa. Wannan ka sa shi can ƙarshe-ƙarshe saboda maganar bayan da muka yi. Na biyar shi ne ɗaukar kaya a hannu biyu ka yi tafiya da shi taku 30 zuwa 40.

Ba sai ka biya kuɗin gidan motsa jiki ba. Lita 1 ta ruwa kilo 1 ce, don haka jarkar lita 25 a cike kilo 25 ce da ɗan ɗoriya, kuma kana iya rage ruwan ko ƙara shi yadda kake so, abin da ƙarfen siminti ba zai ba ka ba. Shi na simintin ma ka duba shi: sau da yawa gefe ɗaya ya fi ɗaya nauyi, kafaɗa guda ce ke biyan bambancin.

Kowane motsi a yi shi sau 8 zuwa 12, a huta minti 1 da rabi zuwa 2, a maimaita har zagaye 3. Ka tsaya alhali kana jin za ka iya ƙara 2. Da cikin da babu komai ba a neman bajinta, ba a gwada "nawa ne iyakata" don abokai na kallo. Fitar da numfashi lokacin da kake turawa ko miƙewa, ka shaƙa lokacin saukowa. Idan ka ajiye kaya kada ka tsaya ƙiƙam. Ɗan taka, domin jini ya koma sama. Rashin yin haka ne ya kusa kayar da ni ran nan.

Ka sami ɗan littafi ka riƙa rubuta nauyi da adadi. Ranar da ka yi 12 a dukkan zagaye uku ba tare da jikinka ya karkace ba, ƙara kilo 1 ko 2. Duk zaman kada ya wuce minti 45.

Sassarfa da tafiya

Irin motsin da ya dace da ciki wayam shi ne matsakaici: tafiya da sauri, sassarfa, keke. Ma'auninsa mai sauƙi ne. Idan kana iya magana da na kusa da kai jimla-jimla amma ba za ka iya rera waƙa ba, kana daidai. Mai son lissafi ya cire shekarunsa daga 220; ɗan shekara 30 zai sami 190, kashi 60 zuwa 70 cikin ɗari na wannan kuwa bugun zuciya 114 zuwa 133 ne a minti. Kiyasi ne kawai, amma yana hana mutum wuce gona da iri. Dafa wuyan hannu ka ƙirga na daƙiƙa 15, ka ninka sau 4.

Ranakun da babu ƙarfe a yi minti 30 zuwa 40. Bayan ƙarfe, 10 zuwa 15. Da haka za ka cika minti 150 a mako da Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa a matsayin mafi ƙaranci ga manya, tare da kwana 2 na ƙarfafa tsoka da ta ce a haɗa. Sabon shiga ya fara da tafiya zalla na mako 2, sannan ya riƙa sassarfar minti 1, tafiyar minti 2.

Gudun tsere, hawa tudu da gudu, wasan ƙwallo na awa ɗaya da rabi, waɗannan sukari suke ci kai tsaye. Kafin su a ci ayaba ɗaya ko dabino da rabin awa.

A titi ka fuskanci motocin da ke tahowa, ka sa riga mai haske. Ranar da ƙurar hunturu ta rufe gari, mai asma ya yi nasa a ɗaki. Sannan don Allah a bar ɗaura leda a ciki ko sa rigar ruwa don a yi gumi. Gumi ruwa ne da gishiri, ba kitse ba ne. Kilon da sikeli ya nuna ka rage zai dawo da ka sha ruwa, kai kuwa ka wahalar da zuciyarka a banza.

Idan jiki ya yi magana

Jiki magayi. Karkarwar hannu, gumi mai sanyi, gani dishi-dishi, yunwa mai zuwa farat ɗaya, ko ka ji kanka ya ɗaure, alamu ne na sukari ya yi ƙasa. Ajiye kaya, zauna, ci dabinon nan 3, ko babban cokali ɗaya na sukari ko zuma, ko rabin kofin lemo. Kowanne kusan giram 15 ne na sukari. Jira minti 15. Idan ba ka dawo daidai ba, maimaita. Mai na'urar awon sukari, duk abin da ya gaza 70 mg/dL ya yi ƙasa. Atisayen ranar ya ƙare ke nan, ko da ka ji ka warware.

Ciwo ko nauyi a ƙirji, musamman mai tafiya zuwa hannun hagu ko muƙamuƙi, numfashi ya gagara, ko suma: wannan ba na dabino ba ne, asibiti za a nufa nan take. Haka kuma wanda ya yi atisaye mai tsanani bayan dogon hutu, tsokarsa ta kumbura tana ciwo fiye da kima, fitsarinsa ya koma baƙi-baƙi. Tsoka ce ta farfashe, abin da ta zubar yana iya toshe ƙoda.

Karin kumallo

Wanda ya ci abinci kafin atisaye yana iya jinkirtawa. Kai da rabonka da abinci tun daren jiya, ka ci cikin awa 1 zuwa 2. Abin da ake nema shi ne furotin, wato sinadarin gina jiki, giram 20 zuwa 30 tare da abin da zai mayar da sukarin da aka ƙona. Ƙwai ɗaya giram 6 ne, kofin nono wajen 8, kofin dafaffen wake wajen 13. Ƙwai 3 da kunun gyaɗa, alale da koko, wake da ɗan biredi, fura da nono mai yawan nono, awara, duk sun biya. Mai son gina tsoka yana buƙatar kusan giram 1.6 ga kowane kilo na nauyinsa a yini, wato 112 ga mai kilo 70. Da tsadar nama a yanzu, wake da waken suya da gyaɗa da ƙwai su ne za su ɗauki mafi yawan nauyin, kuma sun isa. Garin furotin na gwangwani ba dole ba ne.

Tarkon yana teburin mai shayi. Mutum ya yi gumi, ya ji ya cancanci lada, sai a haɗa masa kauri da madara da sukari cokali huɗu, taliyar leda biyu da biredi. Idan rage teɓa kake nema, a nan ake cin zaɓe ko a faɗi. Ƙosai ma wake ne, amma ka tuna a cikin mai ya yi wanka.

Don sanin ko ciki wayam ya karɓe ka, gwada da littafinka. Mako 2 ba ka ci komai, mako 2 kana cin ayaba ko dabino kafin ka fara. Idan adadin da kake ɗagawa ya fi a makonnin ci, ko ka lura kana wuni a gajiye kana hamma a wurin aiki, ko da rana kana rama yunwar da ninki biyu, to ka riƙa ci. Ni ranar ɗaga ƙarfen ƙafa ina cin dabino, sauran ranaku ruwa kawai.

'Yar'uwa mai yi a tsakar gida da igiya da jarka, duk abin da aka faɗa ya shafe ki. Ɗaga nauyi ba zai mayar da ke kamar namiji ba, domin sinadarin da ke kumbura tsokar maza kaɗan ne a jikin mace. Amma idan kin haɗa atisaye da rage abinci har al'adarki ta fara tsallake wata, jiki na cewa abincin bai isa ba. Ki ƙara ci, ki ga likita. Mai shayarwa kuma ta sha ruwa ta ɗan taɓa wani abu kafin ta fara.

Azumi daban ne

Duk wannan bayani ya ginu ne a kan cewa kana shan ruwa kuma za ka ci abinci da ka gama. Mai azumi ba shi da ko ɗaya. Idan ka yi gumi bayan asuba a Ramadan, za ka ɗauki wannan ƙishirwa awa 12 ko fiye, ga shi a 'yan shekarun nan azumi yana faɗowa ne a watannin zafi da ƙarshen hunturu. Saboda haka a juya jadawalin. Tafiya ko sassarfa mai sauƙi ta minti 20 zuwa 30 a yi ta gab da magariba, yadda da an gama za a sha ruwa. Ƙarfe a bar shi sai bayan buɗa-baki da awa 1 ko 2, ko bayan tarawihi, kwana 2 a mako, zagaye 2 maimakon 3, nauyin kuma a bar shi yadda yake. Wannan ya isa ya riƙe maka tsokar da ka tara. Wanda ba shi da wani lokaci sai asuba, ya yi kafin sahur, ya sha ruwa ya ci abinci a kai. Masu azumin Litinin da Alhamis su mayar da ranakun ƙarfe Lahadi, Talata da kuma Juma'a idan jiki ya yarda.

Bayan Salla, idan za ka koma fitar asuba, rage kamar kashi ɗaya cikin biyar na nauyin da ka saba a makon farko, domin jikin ya kwana biyu bai ɗaga komai a wannan lokacin ba.